Rasuwar Injiniya Ephraim Dashe, Wanda Ya Koya wa Na'ura Sanin Hannun Makiyayi

Cikin alhini da miƙa al'amari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Makiyaya da Fataken Dabbobi ta Shiyyar Gumel, wadda ta haɗa rassan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a ƙarƙashin jagorancin mai girma Shugabanta da dattawan majalisarta, tana sanar da masu girma hakimai da dagatai da masu unguwanni, da sarakunan kara, da 'ya'yan ƙungiya da ɗaukacin jama'a, cewa ta samu labarin rasuwar amininta kuma mashawarcinta, Injiniya Ephraim Yohanna Dashe, Babban Jami'in Rajistar Dabbobi na wannan shiyya, wanda ya rasu da hantsin ranar Alhamis, 13 ga watan Yuni, 1996, a gidansa da ke Gumel, bayan jinyar da ta kai wata biyu, yana da shekara arba'in da bakwai a duniya.

Ƙungiya na roƙon afuwar iyalan marigayin da duk wanda zai karanta wannan saƙo idan ya ji shi ya saɓa da yadda aka saba jin ta'aziyya. Dalili shi ne, labarin rasuwar ya iske mu ne a karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi, bakinmu a buɗe da murna, mata na guɗa, dattawan da ba su taɓa tafi a bainar jama'a ba suna tafi, kuma abin da ake yi wa murnar aikin hannun marigayin ne. Dattawan majalisa sun umarce ni da in rubuta abin yadda ya faru, kada in ɓoye baƙin cikin, kada kuma in ɓoye farin cikin, domin a ganinsu tauye wa mamaci haƙƙi ne a yi kukan rasuwarsa a yi shiru da nasararsa.

Marigayi Injiniya Ephraim, haifaffen ƙasar Pankshin, ya zo Gumel a shekarar 1978 yana ƙaramin ma'aikaci a sashen kula da lafiyar dabbobi, tun muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kano, kuma da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka ba shi zaɓin komawa birni, sai ya zaɓi zama da mu. A tsawon shekara goma sha takwas ɗin nan babu rugar da babur ɗinsa bai sani ba tsakanin Ɗanzomo da bakin iyaka, ya iya Fillanci har yana tsokanar masu shi da shi, kuma idan aka ajiye masa fura a ruga ba ya tambayar wace ƙwarya aka dama ta. A wannan yawo ne ya lura da abin da mu muka tashi muka tarar har muka daina ganinsa. Idan dabbar mutum ta ɓata ya zo ofis cigiya, akawu zai miƙo masa takarda mai layuka ya ce ya cika, mai cigiya kuwa sai ya durƙusa a ƙofar ofis ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana da yatsa shaidar gidansu, wato alamar da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi a cinya ko a wuya. Akawu bai iya karanta ƙasa ba, makiyayi bai iya cika takarda ba, haka za a rabu kowa na ganin laifin ɗan'uwansa, dabba kuwa ta tsallaka iyaka.

A shekarar 1993, bayan ya dawo daga wani kwas na na'ura mai ƙwaƙwalwa a Kaduna, wani shirin tallafi da ya kammala aikinsa ya bar wa ofishinsa na'ura guda, tare da wani allo na roba mai kamar girman faranti da alƙalami mai waya a gindinsa, waɗanda aka tanada domin kwafar taswira. Marigayin ya zo gaban majalisarmu ya ce yana so ya koya wa na'urar nan karanta zanen hannu, ta yadda makiyayi zai zana shaidarsa a kan allon kamar yadda yake yi a ƙasa, ita kuma ta fito da sunansa da garinsu a gilashi, ba tare da ya taɓa maɓalli ko guda ba. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka yi dariya har da riƙe ciki, kuma shi ne ya ce wa marigayin idan ya gama da ita ya taimaka ya koya mata tatsar nono. Marigayin ya yi dariyar tare da mu, ya roƙi a ba shi littafin shaidun 'ya'yan ƙungiya, aka ba shi.

Shekara guda ya yi yana zana shaidun nan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, kowace sau biyar, har na'urar ta kai ga ba ya ɗaga alƙalami sai suna ya fito. Sai aka sa ranar gwaji a Gagarawa, aka kai janareto, aka kafa rumfa, aka gayyato manyan baƙi. Mutum ashirin da bakwai suka zana shaidarsu a ranar, kuma ƙungiya ba za ta yi wa tarihi ado ba: na'urar ba ta gane ko mutum ɗaya ba. Idan marigayin ya karɓi alƙalamin ya zana, nan take ta amsa, idan mai shaidar da kansa ya zana sai ta ce ba ta san shi ba. Har wani dattijo ya ce ashe na'urar ma ta san ɗan boko daga ɗan ƙauye, aka kwashe da dariya, manyan baƙi suka fara duba agogo.

Wanda ya gano bakin zaren shi ne Malam Abdurra'uf, wani malamin allo na Gagarawa da ya zo kallo kawai. Ya matso ya ce wa marigayin, "Injiniya, ai ba zanen ne ya bambanta ba, tashin hannun ne. Kai daga hagu kake tasowa, yadda aka koya maka a makarantarku, mu kuwa daga dama muke tasowa, yadda muka koya a allo." Ashe na'urar ba hoton zanen kaɗai take riƙewa ba, tana riƙe inda alƙalami ya fara sauka, da inda ya nufa, da inda aka ɗaga shi, da layin da ya riga wani. Duk shekarar nan hannun mutum ɗaya ta haddace, hannun mutumin Pankshin, alhali aikinta da hannuwan mutanen Gumel ne. Waɗanda ke kusa sun shaida cewa marigayin, maimakon ya sunkuyar da kai don kunya, tsalle ya yi ya rungume malamin a gaban manyan baƙi, yana cewa yau ya samu abin da ya fi nasara, ya samu dalilin faɗuwa.

Daga wannan rana ya goge duk abin da ya zana, ya ɗora na'ura da janareto a bayan wata tsohuwar motar ofis, ya shiga bin kasuwanni, kowace a ranar cinta, yana roƙon masu dabbobi su ba shi aron hannunsu. A nan ya gano cewa zancen ya wuce dama da hagu, domin kusan kowane gida yana da nasa tsarin na zana shaidarsa, wanda uba ke koya wa ɗa, kuma sau da yawa akwai labari a bayansa. Haka kuma ya sauya alamomin ba na'ura umarni. Da farko ya sa alamar da malaman boko ke yi a littafin ɗalibi idan ya ci, ita ce ta ajiyewa, gicciye kuma shi ne na gogewa, sai wani tsoho a Sule Tankarkar ya ajiye alƙalamin ya ce shi ba zai soke shaidar ubansa da hannunsa ba, ko da a kan roba ne. Marigayin bai yi gardama ba, ya koma ya zauna yana kallon yadda muke yi a ƙasa. Ya ga idan mun gamsu da zane mukan kewaye shi da yatsa kamar mai yi wa garke shinge, idan ba mu gamsu ba mukan share shi da kai-da-komowar hannu. Sai ya koya wa na'urar waɗannan biyun. Yau mutumin da bai taɓa shiga aji ba yakan zana, ya share, ya sake, ya kewaye, na'ura ta bi shi tiryan-tiryan, har mutanen Damagaram da ke zuwa cin kasuwa sun fara tambayar yaushe za a kai musu irinta.

Zuwa farkon bana, gidaje dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai sun ba da hannunsu. Kuma da yake ba a fafe gora ranar tafiya, marigayin ya zaunar da Malama Lauratu, babbar mai buga takardu ta ofishinsa wadda ta shekara ashirin a bakin aiki, ya koya mata sarrafa na'urar ciki da waje, tun kafin ciwo ya kwantar da shi. Abin da ya rage shi ne majalisarmu ba ta taɓa yarda ta yanke hukunci da na'urar ba. Mun ɗauke ta abin sha'awa, abin nuna wa baƙo, amma idan rigima ta tashi mukan koma ga shaidu da rantsuwa kamar yadda muka gada.

Sai ga maganar Malama A'i ta Ɗanzomo. Mijinta, marigayi Malam Dogo, ya rasu a farkon shekarar nan ya bar mata 'ya'ya biyar da gona da shanun huɗa guda biyu, waɗanda su ne ƙarfin gidan gaba ɗaya. Tana cikin takaba shanun suka ɓace, ba ta da halin fita cigiya, sai bayan ta fita takaba aka gaya mata an tsinci wasu bijimai biyu an ɗaure su a turken ƙungiya a Maigatari. Da ta iso sai ta tarar wani falke, ɗan wannan ƙungiya, sananne, wanda majalisa ta ga bai dace a ambaci sunansa a takardar ta'aziyya ba, ya riga ya ce nasa ne. Da aka duba rajista aka ga shaidar da ke cinyar shanun Malam Dogo ne ya shigar da ita bara a kasuwar Sule Tankarkar, sai falken ya ce ai shaidar ta gidansu ce tun kakanni, kiwo ya ba Malam Dogo, shi kuma ya kai ta rajista a madadinsa. Mamaci ba ya tashi ya ƙaryata. Falken ya kawo shaidu uku masu rawani, Malama A'i ba ta da kowa sai bakinta, ga hadari ya fara haɗowa a gabas, kuma duk manomi ya san abin da ake nufi da ruwan shuka ya sauka gida babu shanun huɗa. Gaskiyar da ƙungiya ba za ta ɓoye ba ita ce, majalisa ta karkata ga falken, an kuma sa ranar Alhamis za a miƙa masa igiya.

Da labarin ya kai wa marigayi Injiniya Ephraim yana kwance, sai ya aiko mana da takarda mai layi huɗu, rubutun ma da ƙyar aka karanta shi saboda yadda ciwo ya ci ƙarfinsa. Ya ce shi bai san mai gaskiya ba, kuma ba ya zargin kowa, amma idan shaidar ta gidan falken ce, to a wurinsa Malam Dogo ya koyi zana ta, don haka hannunsu zai zo ɗaya, idan kuwa ta gidan Malam Dogo ce, to a nemi hannun a gidansa. Ya roƙi majalisa, albarkacin shekarun da muka yi tare, ta ba na'urar dama sau ɗaya. An yi doguwar muhawara, wasu dattawa na cewa ba a taɓa jin an rantsar da ƙarfe ba. Abin da ya raba gardamar shi ne falken da kansa ya ce ya yarda, domin ya yi makaranta, hannunsa na da kyau, kuma ya kwana biyu yana kallon cinyar shanun.

Ranar Alhamis da hantsi Malama Lauratu ta tayar da janareto a gindin rumfar Sarkin Kara, jama'a suka yi dafifi har wasu na hawa bayan motocin shanu don su hango. Shaidar da ake magana a kai, ga wanda bai gan ta ba, dogon layi ne a tsaye, da gajeren layi da ya gitta shi a tsakiya, da ɗan zobe a samansa. Falken ya gyara hannun riga ya zana ta tsaf, zobe da farko, sannan dogon layi zuwa ƙasa, sannan na gicciye, zanen da ko a littafi sai haka. Na'ura ta ce ba ta san wannan hannu ba. Ya share ya sake, ya kuma sakewa, ta tsaya a kan bakanta. Sai aka miƙa wa Malama A'i alƙalamin, matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ta kama shi kamar mai riƙe da muciya, ta ce wa Malama Lauratu, "Yaya, ba zai ja ni da wuta ba ko?" Aka tabbatar mata ba zai ja ta ba. Ta yi bisimilla, ta fara daga ƙasa ta ja layi zuwa sama, karkatacce, ta gitta shi daga dama, sannan ta rufe da zoben, wanda ya fito kamar ƙwan da aka taka. Kafin ta ɗaga hannu gilashi ya cika da manyan baƙaƙe: Dogo, Ɗanzomo.

Wallahi mai wannan rubutu ya shekara talatin yana shiga karar Maigatari, bai taɓa jin ihu irin na ranar ba! Shanu suka firgita a turakunsu, masu sayar da fura suka bar ƙorensu suka rugo, wani Buzu ya sauko daga kan raƙumi yana tambaya ko an ga wata ne da rana. Sarkin Kara ya sa aka yi shiru da ƙyar, ya ce ta sake, ta sake har sau uku, duk sau ukun suna na fitowa. Da ya tambaye ta dalilin da ya sa take barin zoben sai ƙarshe, alhali shi ido ke fara gani, sai ta ce surukarta ce ta koya mata tun tana amarya, don ta riƙa zana shi a jikin ƙore da bakin rumbu: dogon layin hanyar da kakan mijinta ya biyo ce daga kudu, gicciyen kwarin da ya tsallaka, zoben kuwa rijiyar da ya iske ya zauna, "kuma ranka ya daɗe, ai ba a shan ruwa kafin a yi tafiya." Shaidun nan uku masu rawani aka neme su aka rasa. Falken, a nan sai mu yaba masa, ya kwance igiyar da hannunsa ya miƙa mata, ya nemi gafararta a gaban jama'a, sauran maganarsa kuma tana gaban majalisa.

A nan take majalisa ta yanke shawarar cewa daga yanzu duk rigimar shaida sai an gwada hannu a allon kafin a saurari kowa, kuma an riga an zaɓi mutum uku da za su hau babura su kai wa Injiniya albishir a Gumel. Suna cikin tayar da babura ne wani babur ɗin ya shigo kara daga hanyar Gumel, mai shi ya sauka bai ko kafe shi ba, ya nufi Shugaba ya yi masa raɗa. Mun ga Shugaba ya cire hularsa ya dafe kai, kafin ya yi magana mun gane.

Saboda haka, a madadin mai girma Shugaba, da dattawan majalisa, da shugabannin rassa huɗu, da sarakunan kara, da dukkan makiyaya da fatake da manoman da suka ba marigayin aron hannunsu, ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Madam Joyce Ephraim Dashe, da 'ya'yansa Godspower da Queen da Jane, da 'yan'uwansa na Pankshin, da shugabanni da mabiyan majami'arsa ta Gumel, da abokan aikinsa na sashen kula da lafiyar dabbobi. Ƙungiya na sanar da cewa wakilanta daga kowane reshe za su raka gawar zuwa mahaifarsa ranar Laraba mai zuwa, kuma aikin rajista zai ci gaba a hannun Malama Lauratu a dukkan kasuwanninmu, don haka duk gidan da bai kawo hannunsa ba ya hanzarta, kuma ya turo wanda ya fi kowa sanin shaidar, mace ce ko namiji.

Da yammacin wannan Alhamis ɗin tawagar majalisa ta isa gidan marigayin. Mun tarar da Madam Joyce zaune a tsakar gida mata sun kewaye ta, idonta a bushe, kuma Shugaba bai kai ga buɗe baki da gaisuwa ba ta tare shi da tambaya: "Alhaji, an ba matar nan shanunta?" Ta ce tun asuba abin da mijinta ke tambaya ke nan, duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tambaye shi ko an dawo daga Maigatari, har numfashinsa ya tsaya bai samu amsa ba. Shugaba ya ce an ba ta, da hannunta ta karɓe su, a yanzu haka tana hanyar Ɗanzomo da su, kuma in Allah Ya saukar da ruwa gobe, gonarta ba za ta jira kowa ba. Madam Joyce ta juya ta dubi ƙofar ɗakin da yake kwance, ta ɗaga murya ta ce, "Baban Queen, ka ji, an ba ta." Sai a lokacin ta fashe da kuka, mu ma babu wanda ya iya riƙe nasa.

Muna roƙon Allah, Mai rayawa Mai kashewa, Ya ba Madam Joyce da 'ya'yanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya zama gatansu, Ya albarkaci abin da ya bari, Ya kuma sa mu da muka rage mu riƙe amanar da ya damƙa mana.

Sa hannu:

Alhaji Ilu Ɗantsoho Gagarawa,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Makiyaya da Fataken Dabbobi ta Shiyyar Gumel.
Litinin, 17 ga Yuni, 1996.